Ƙugiyar da Ba Ta Kwana a Toka Ba

Yau kwana bakwai ke nan da muka kai Baffa makwancinsa. Wan mahaifina ne, shi ne kuma maƙerin ƙauyenmu a ƙasar Kurmin Kogi tun kafin a haife ni. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya huta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zaman makokin nan na ga kowa ya zo da nasa Baffan, amma ban ga wanda ya zo da shi cikakke ba. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da za a riƙa tunawa bai wuce wani maƙeri mai taurin kai da ba ya ba da aiki a ranar da ya gama shi ba.

Wannan ɗin ma gaskiya ne, kuma shi aka fi faɗa a kan tabarma. Manoman rake sun zo daga Kudan da Makarfi, kowa da labarin addarsa ko fartanyarsa. Wani dattijon Bafulatani ya ce ya taɓa tahowa daga ruga tun da sassafe don a ƙera masa gatari. A gabansa aka gama kafin azahar, yana miƙa hannu zai karɓa sai Baffa ya tura gatarin cikin toka ya ce ya dawo gobe. Ya roƙa da Hausa, ya roƙa da Fillanci, Baffa ya juya masa kunnen da ba ya ji da shi. A zaurenmu ya kwana, Inna matar Baffa ta aiko masa da tuwo. "Gatarin yana nan garau," in ji shi, "ni ne na tsufa na bar shi." Aka yi dariya, sai aka tuna inda ake, kowa ya koma jan carbi.

A cikin gida ma mata suna ta nasu. Matata ta gaya mini wata maƙwabciya ta ce shekara shida ke nan ba ta ga Baffa ya taɓa igiyar guga ba, ko alwala zai yi sai an ɗebo masa, har ta ɗauka girman kai ne ya zo masa da tsufa. Inna tana zaune tana ji.

Ran sadakar uku wani tsoho ya iso da ƙafa daga Janfalan, mai haƙar rijiya ne. Ya yi gaisuwa a taƙaice, bai zauna a tabarma ba. Ya wuce ƙofar maƙera ya tsuguna, ya dafa bango, yana kuka ba sauti. Samari suka riƙa tambayar juna ko wane ne. Ni na san shi, na san abin da ya kawo shi, amma sai da ya miƙe zai tafi na iya zuwa na gaishe shi. Ba zan iya faɗin labarin wannan mutumin ba sai na faɗi nawa, abin da na daɗe ina gudu ke nan. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baffa gajere ne mai faɗin ƙirji, hannayensa duk tabon tartsatsi. Ƙarar masaba ta cinye masa kunnen hagu, shi kuwa ya mai da wannan kunnen ƙofar gida, yana rufewa yana buɗewa yadda ya ga dama. Mahaifina, ƙaninsa, ya saɓa masa a komai: dogo ne, mai sauri, mai surutu, sana'arsa haƙar rijiya da rani, noma da damina. Gida ɗaya suka zauna duk rayuwarsu, kuma ban tuna ranar da suka wuni ba su yi musu ba. Baffa yakan ce masa, kai ne kaɗai na sani da ke shiga ƙasa tun ba a kira shi ba. Baba ba ya ramawa a gaban wansa, sai ya fito zaure ya ce da mu, a gaya wa mai wasa da wuta kullum ya rage yi wa mutane wa'azi. Da yamma kuma ka same su a kwano ɗaya. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, Inna ce ta raine ni, saboda haka ni ban taɓa sanin inda gidan Baffa ya ƙare na Baba ya fara ba.

Dokar maƙerar nan guda ɗaya ce. Duk abin da aka gama, garma ne ko lauje ko ɗan ƙaramin basilla, sai an binne shi a cikin rushi, tokar nan mai zafi da ke gefen hagu na murhu, ya kwana a ciki, da safe a tono shi. Daga kakanmu ya gaje ta. In ka tambaye shi dalili ba shi da wani dogon bayani, haka ya tarar. In ka matsa sai ya ce, "Ƙarfe baƙo ne, sai ya kwana a gidanka kake sanin halinsa." Na taso ina jin wannan magana har ta daina shiga kunnena.

A shekarar da aka samu mulkin kai na sami aikin gyaran injuna a wata masaƙa a Kaduna. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da agogo a hannu da dogon wando, kaina kuwa ya fi hular da ke kansa girma. A lokacin gani muke duk wani tsohon abu ya kamata ya sauka tare da tutar Turawa. Da rani na zo gida hutu da tsaraba ta musamman: guntun sandar wani famfo da ta lalace aka yar a bola, farin ƙarfen nan marar tsatsa, kaurinsa kamar babban yatsa. Na kawo shi ne saboda Baba. Kullum yana ƙorafi ƙugiyoyin da Baffa ke ƙera masa tsatsa tana cinye su, ga laka ga ruwa, ba sa shekara biyu. Ƙugiya kuwa ita ce ran mai haƙar rijiya. A jikinta ake rataya gugan laka a jawo sama, a jikinta kuma yake rataya majanyin da yake zama a kai in za a saukar da shi.

Baffa ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a uwar maƙera ya kara a kunnen dama, har da ɗan lasa. Ya ce shi bai san yadda ake yarda da ƙarfen da ba ya nuna shekarunsa ba. Amma maƙeri maƙeri ne, na ga idonsa yana so. Washegari ni na riƙe masa zuga-zugi. Ƙarfen ya ba shi wuya, sai an gasa shi sosai yake motsi, yana hucewa kuma ya ƙanƙame. Kafin hantsi ya yi zafi dai ƙugiya ta fito, lanƙwasarta kamar an zana, sai dai wuta ta bar mata wani baƙin ɓawo mai kauri da yashi ya kasa cirewa. Raina ya ɓaci. Na yi ta cika wa mutane baki da farin ƙarfe, ga shi ya fito baƙi kamar na kowa.

Na tuna na ga ma'aikata a wurinmu suna wanke ƙarfe da ruwan batir. Na hau keke zuwa Makarfi, wani direba ya ɗura mini cikin kwalba. Muka zuba a tsohon tangaran, na ƙara ruwa, na tsoma ƙugiyar. Nan da nan ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikinta, layi-layi, ba tsayawa. Baffa ya tsuguna yana kallo, ya tambaye ni me take fitarwa haka. Na ce datti ne. Ya ce shi dai gani yake kamar wani abu take sha. Na yi dariya. Na bar ta a ciki har bayan la'asar don ta fita sosai. Da muka ɗauraye ta muka goge da yashi, sai ga ta tana walƙiya, maƙwabta har leƙowa suka yi.

Baffa ya ɗauki awartaki ya kama ta, ya fara buɗa toka. Abin da na ce masa yana nan a kunnena kalma-kalma.

"Baffa, wannan fa ba ƙarfen garma ba ne. Toka za ta dusashe masa haske ne kawai. Waɗanda suka yi shi ba su san toka ba."

Baba ma ya sa baki, don yana da aiki a hannu. Mai unguwa ya ba shi haƙar rijiyar masallaci, ya yi nisa, ya kuma sayi sabuwar igiya yana so a yammacin nan ya rataye ta da guga cike da duwatsu don ta miƙe kafin safiya. Ya ce wa wansa rana ɗaya dai a bar mutum ya ga abu ya tafi da shi. Baffa ya dube shi, ya dube ni da agogona. Ya miƙa masa ƙugiyar. A iya sanina wannan ne karo na farko da wani aiki ya fita daga maƙerar nan bai kwana ba. Kwana biyu bayan haka na hau babbar mota na koma Kaduna, ina jin na kawo wa ƙauye ci gaba.

Sauran ban gani ba, waɗanda ke wurin suka gaya mini. Kwana uku ƙugiyar tana aiki lafiya. Da rana tana jan laka, in an tashi kuma a bar ta da gugan duwatsu saboda igiyar. A rana ta huɗu da hantsi, ɗaya daga cikin masu riƙe igiya bai zo ba, Baffa ya bar maƙera ya je ya kama musu. Baba ya zauna a majanyi, ya yi bisimilla, suka fara saukar da shi, yana ta yi wa wansa tsiya daga ciki wai ya riƙe da kyau, igiya ba awartaki ba ce. Bai kai rabi ba aka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Rijiyar ta wuce gaba goma, ƙasanta kuma dutse ne.

Babu mai ƙarfin halin shiga. Sai aka aika Janfalan aka kira mutumin nan, shi ne ɗayan mai haƙar rijiya a yankin, tsakaninsa da Baba kuwa akwai 'yar gasa irin ta masu sana'a ɗaya. Ya zo a guje, ya sauka da igiya zalla, ya ɗaure Baba a bayansa aka jawo su. Ya sake komawa ba wanda ya sa shi, ya lalubo ɗaya rabin ƙugiyar. Da aka haɗa biyun suka zauna daram, ba inda ya lanƙwashe, ba inda ya miƙe, ba tsatsa ko ɗigo. Ta tsinke ne a tsakiyar lanƙwasa kamar tangaran. Ni na iso an riga an binne Baba.

Mutanenmu sun san ƙarfe. Sun san yana tsatsa, yana sirancewa, yana buɗe baki kafin ya saki. Ba su taɓa ganin sabon ƙarfe mai sheƙi ya karye haka kawai ba, saboda haka suka ce ba banza ba. Kafin sadakar bakwai magana ta gama gari cewa mutumin Janfalan ne ya yi wa ƙugiyar asiri, don shi ya so aikin rijiyar masallaci aka hana shi. Har aka ce saurin zuwansa ma shaida ne. Aka taru a ƙofar mai unguwa, wasu samari suna maganar zuwa Janfalan da sanduna. Ina wurin, ina tsaye a baya, kuma Allah ya sani na ji sanyi a raina da na ga laifin ya nufi wani wajen. Wannan ita ce ƙazantar da ban taɓa wanke ta ba.

Baffa ne ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye guntayen biyu a gaban mai unguwa ya ce, "Ni na ƙera ta, ni na ba da ita ba ta kwana ba. Wanda yake neman mai laifi ga ni. Bawan Allahn nan ɗan'uwana ya goyo mini daga rami." Wani dattijo ya fara cewa ai toka ba ta hana ƙaddara, Baffa ya juya masa kunnen hagu. Bai ambaci ruwan batir ba, bai ambaci wanda ya kawo ƙarfen ba, bai ko dubi inda nake ba. Bayan arba'in da kansa ya taka zuwa Janfalan ya roƙi mutumin ya zo ya ƙarasa rijiyar. Ruwanta ya fito mai daɗi, gari duka na sha, amma Baffa bai taɓa kai shi bakinsa ba. Daga rafi Inna take ɗebo masa.

Tun daga nan ya sauya. Musu ya ƙare a gidan, don ba abokin yi. Wani lokaci yana tsakiyar dukan ƙarfe sai ya ajiye masaba, ya buɗe tafukansa biyu yana kallo, har ƙarfen ya huce a kan uwar maƙera. Sau ɗaya kawai ya gaya mini abin da yake gani. Ya ce ba ƙarar ce take dawo masa ba, ba kuma faɗuwar ba. Igiyar ce. Yana riƙe da nauyin ƙaninsa a hannu, nauyin da ya sani tun yana goya shi, sai kawai igiyar ta yi sauƙi. Ya ce har yau in ya ɗauki abu marar nauyi gabansa faɗuwa yake.

Ni kuwa ya riƙe ni kamar ba abin da ya faru. Shi ya nema mini aure, shi ya tsaya a komai. Duk zuwan da zan yi sai ya sa an yanka kaza, yana tsokanata da ɗan Kaduna. Wannan kirkin ya fi mini duka zafi, sai na rage zuwa gida. In salla ta zo na ce aiki ya riƙe ni.

Bayan shekara uku, wata rana ina shirin komawa, ya kira ni maƙera ya ba ni rabin ƙugiyar a naɗe cikin tsumma. Ya ce tunda a wurinmu akwai masu ilimin ƙarfe na boko, in kai musu su duba. Ya ce ba ya so ya je gaban Allah bai san abin da ya karya ta ba, ko hannunsa ne ko ba hannunsa ba. Wata biyu tana ƙasan akwatina ban iya fito da ita ba.

A ƙarshe na kai wa wani tsohon injiniya a wurin aikinmu, mutumin kudu, wanda ya yi karatun ƙarfe a ƙasar waje. Ya sa gilashin ƙara girma ya daɗe yana duba bakin karayar. Tambayarsa ta farko ita ce, wa ya tsoma wannan a asid, irin ruwan batir? Na ce wani ne a ƙauye.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda abin bai shafa ba. Ya ce kumfan da ke tashi in asid yana cin ƙarfe wata iska ce mai suna haidurojin, kuma a duk abubuwan da aka gina duniya da su babu wanda ya kai ta ƙanƙanta. Ba duka take tashi sama ba, wani kaso yana kutsawa cikin ƙarfen. Ƙarfe kuwa, ko ya yi sumul a ido, ƙwayoyi ne manne da juna, ita kuma tana ratsa su yadda hayaki ke ratsa zana. In an bar ƙarfen a ajiye wataƙila ba abin da zai faru. Amma in aka ɗora masa nauyi aka bar shi da shi, sai ta riƙa tafiya tana taruwa a inda ja ya fi tsanani, wato cikin lanƙwasar ƙugiya, tana sassauta riƙon da ke tsakanin ƙwayoyin. Sai ɗan tsagu ya buɗe a ciki inda ido ba ya gani. Ta sake taruwa a bakin tsagun, ya ƙara gaba kaɗan, haka haka, waje yana ta sheƙi. Ya ce iyakar taurin ƙarfe iyakar saurin kamuwarsa, irin wannan farin kuwa in ya fito daga wuta ya huce a iska tauri yake yi ƙwarai. Baƙin ƙarfen gargajiya mai taushi ne, yakan miƙe ya ba da sanarwa. Wannan ba ya sallama.

Ya miƙo mini gilashin ya nuna mini da bakin fensir. Wani ɓangare na karayar tsaki-tsaki ne kamar gishiri, wani kuma a yage yake. Ya taɓa na farko ya ce nan kwanaki ne. Ya taɓa na biyu ya ce nan ƙiftawar ido ce. Na tsaya ina kallon kwana huɗun ƙarshe na mahaifina a kan abin da bai kai faɗin kwabo ba.

Na tambaye shi ko abin yana da magani. Ya ce mai sauƙi ma kuwa. Duk ƙarfe mai tauri da ya shiga asid, a sa shi a zafi matsakaici, wanda bai kai ya yi ja ba, a bar shi sa'o'i masu yawa. Zafin yana korar iskar ta fita kafin ta yi ɓarna, yana kuma rage wa ƙarfen gautsi. Na ce, in a tokar maƙera mai zafi ya kwana fa? Ya ɗan yi tunani ya ce ba zai rantse ba, amma da wuya ta karye haka, kuma duk wanda ya koyar da wannan ya san abin da yake yi.

Na koma gida da rabin ƙugiyar. Bayan la'asar na sami Baffa shi kaɗai a maƙera, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa tsumman. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, duk bai bar ko ɗaya ba, sannan ya ce, to, me suka ce? Duk hanya daga Kaduna ina shirya gaskiya a bakina. Da na dubi hannayensa sai na kasa. Na ce injiniya ya ce ciwo ne ƙarfen ya zo da shi tun daga inda aka narka shi, ba mai iya gani, ba mai iya hanawa.

"Da ta kwana a toka fa?"

"Toka ba abin da za ta yi mata, Baffa. Ko me aka yi sai ta karye."

Ya daɗe yana kallona, da kunnen dama ya saurare ni. Sannan ya ce, "To. Allah ya yi maka albarka." Na fito ina gaya wa kaina na sauke wa tsoho kaya. Ban yarda na dubi ɗaya gefen ba, cewa kayan da na fi damuwa in ɓoye nawa ne. Shekara uku na ƙara ina cin wannan albarkar, ina jin kamar na sace ta.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a ƙarshen damina. Kwana tara ya yi, a rana ta goma bayan azahar ya cika, ina kan hanya. Sau biyu ke nan ina isowa gidan nan a makare.

Shekaranjiya, da baƙi suka ragu, Inna ta ce in shiga maƙera in tattara kayan aiki kada yara su watsar. Na jera masaba da awartaki, na naɗe zuga-zugi, na ɗauki kasko zan kwashe toka. A gefen hagu hannuna ya ci karo da ƙarfe. Na tono, guntaye biyu ne, an haɗa su baki da baki kamar ƙugiyar tana nan lafiya. Hasken nan da na yi wa faɗa ya tafi, sun yi ruwan ƙasa-ƙasa saboda daɗewa a zafi.

Inna tana tsaye a ƙofa. Ta ce kullum in ya tashi aiki sai ya binne su, da safe ya tono ya duba ya ajiye. Ranar da ciwo ya hana shi tashi ita yake sawa ta kai garwashi. Na tambaye ta ko tun bayan da na dawo daga wurin injiniya ne. Ta ce a'a, tun ranar da aka binne mahaifinka. Watannin da ka tafi da rabi ɗaya, ɗayan yake sawa shi kaɗai.

Na ce mata ai na gaya masa toka ba ta da amfani. Ta ce ta sani, a ranar ya shigo ya gaya mata. Ya ce ɗan nan ya yi mini ƙarya don ya ji tausayina, Allah ya saka masa. Na ga tana auna ko ta ci gaba. Sai ta ce kwalbar nan da na kawo daga Makarfi da tangaran ɗin, a yammacin da aka dawo daga maƙabarta ya haƙa rami a bayan gida ya binne su da hannunsa, ya kuma sa ta yi alkawari.

"Ya ce duk wanda ya tambaya, toka ce. Kada bakina ya taɓa ambaton ruwan nan. Ya ce ka rasa uba, kada kuma ka rasa kanka."

Ashe bai aike ni Kaduna don a gaya masa abin da bai sani ba. Bai san sunan iskar ba, amma tun yana tsugune a gaban tangaran ya ga ƙarfen yana shan wani abu. Tambaya ɗaya ya yi mini, wadda amsarta za ta faɗa a kansa shi kaɗai, ya bar ɗayar bai taɓa ta ba. Shekara shida na yi ina tsammanin ni nake ɓoye masa. Na zauna a ƙasa cikin toka na yi kukan da ban yi ba a mutuwar Baba, ban yi ba a tasa.

Na rubuta wannan ne don 'ya'yana da jikokin Baffa su sani, da mutumin Janfalan in akwai mai karanta masa. Ni na kawo ƙarfen, ni na kawo ruwan, ni na hana toka. Baffa ya miƙa hannu sau ɗaya ne kawai, ya biya da sauran ransa, bai nemi a raba masa ba. Allah ka gafarta masa, ka haɗa shi da ƙaninsa, su ci gaba da musunsu a inda ba rami.

Jiya bayan la'asar na zuba gawayi a murhun, na warware zuga-zugi na hura har ya kama. Na jira ya ci ya kwanta. Na ɗauko guntayen biyu da awartaki, na haɗa su baki da baki, na fara buɗa toka a gabana. Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallona.

"A gefen hagu yake sawa," ta ce.

Na matsa da su hagu na rufe.